Babi na Shida: Idan Gidaje Suka Ƙi Buɗewa

"Kawu, na cika duk abin da zai ciku. Saura gida talatin da ɗaya, kuma ko ɗaya ya ƙi buɗewa. In canka ne kawai?"

'Yar ƙanwata ce ta yi mini wannan tambaya a tsakar gidansu a Jangebe, cikin watan Satumba na 2021. Shekara ce da mutanen wannan yanki ba za su manta da ita ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta garin, Allah ya sa aka sako su ranar 2 ga Maris. Ranar 1 ga Satumba kuma aka sake ɗibar ɗalibai a makarantar Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako, bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya a faɗin jihar. Yara na zaune a gida, ba aji, ba waya mai shiga. Ina da wani tsohon littafin sudoku da na taɓa saye a Kano, sai na riƙa kwafa mata ɗaya bayan ɗaya a bayan littafinta na lissafi, da rula da fensir. Cikin mako biyu ta cinye masu sauƙin, ta shiga matsakaita, daga nan tafiya ta cije.

Duk wanda ya bi babukan baya da fensir a hannu ya riga ya isa inda ta isa. Ka duba kowane layi, ka duba kowace unguwa, babu lambar da ta rage mata wuri ɗaya tak, babu gidan da ya rage masa lamba ɗaya tak. Allon ya yi shiru. A nan ne yawancin mutane ke yin canki-canki, ko su jefar da takardar su ce wannan na masu digirin lissafi ne.

Amsar da na ba ta ita ce: "A'a, 'yata, kada ki canka. Ki sake tambayar da kike yi wa allon." Wannan babin bayanin wannan amsa ne.

Me ya sa ba a canka

Idan gida ya rage da lamba biyu ka rufe ido ka zaɓi ɗaya, ko ka dace ko ka faɗi, rabi da rabi. Da a ce kuskuren zai fito nan take, da da sauƙi. Ba ya fitowa. Kamar magini ne da ya karkata bulo ɗaya a tushe: zai yi ta ɗora layi bisa layi, sai ginin ya kai linta sannan tsagewar ta bayyana. Za ka cika gida goma sha biyar ko ashirin kana murna, sai kwatsam ka ga 4 biyu a layi guda, ba ka kuma san daga inda ɓarnar ta faro ba. In ma ka dace, ba ka ƙaru da komai ba. Gobe in ka sake haɗuwa da irin wannan wuri, sai ka sake rufe ido.

Akwai dalili mafi ƙarfi. Sudokun da aka tsara da kyau amsa ɗaya ce tak gare shi. Saboda haka kowane gida yana da hujjar da ta tilasta masa lambarsa, ko ka gan ta ko ba ka gan ta ba. A 2012 Gary McGuire na jami'a a Dublin, ƙasar Ailan, da abokan aikinsa suka tabbatar da kwamfuta cewa sudoku ba zai samu amsa ɗaya tak ba sai an ba da aƙalla lambobi 17 tun farko. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Yawan lambobin da aka bayar ba shi ne ma'aunin wuya ba. Akwai mai lamba 17 da yaro zai warware da dabarun babi na uku, akwai mai ashirin da 'yan kai da zai kwana da gwani. Wuyar tana ga nisan da hujja ta ɓuya.

Mai koyo yana tambaya, "Wace lamba ce za ta zauna a wannan gida?" Gwani yana tambaya, "Wace lamba ce ba za ta taɓa zama a nan ba?" Ka tsaya wata yamma inda dattawa ke dara a gindin dogon yaro, gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. Wanda ya iya ba ya damuwa da sanin inda abokin wasansa zai taka. Shirya 'ya'yansa yake yi yadda in abokin ya bi ta nan an ci shi, in ya bi ta can ma an ci shi. Duk dabarun da ke tafe wannan tunanin ne: ko wannan ne ko wancan, ban san wanne ba, amma ko wanne ne, ga lambar da ta fita.

'Yan takara

Mu tuna kalmominmu. Gida shi ne ƙaramin akwati guda, akwai 81. Layin kwance daga hagu zuwa dama, muna ƙirga su 1 zuwa 9 daga sama. Layin tsaye daga sama zuwa ƙasa, muna ƙirga su daga hagu. Unguwa ita ce gidaje tara da aka zagaye da layi mai kauri. Gida biyu suna ganin juna idan layi ɗaya ko unguwa ɗaya ta haɗa su, kuma masu ganin juna ba sa ɗaukar lamba iri ɗaya.

Daga yau ba za ka iya aiki da ka kaɗai ba. A kowane gidan da bai cika ba, rubuta duk lambobin da za su iya zama a ciki, ƙanana-ƙanana da fensir mai tsini. Su ne 'yan takara. Aiki ne mai gajiyarwa, yakan ci minti goma, kuma kuskure ɗaya a cikinsa yana rusa duk abin da za ka gina a kai. Shawarata ita ce ka ba kowace lamba mazauninta a cikin gida: 1, 2, 3 a sama, 4, 5, 6 a tsakiya, 7, 8, 9 a ƙasa, kamar maɓallan waya. Ta haka in kana neman 5, idonka tsakiyar gidaje kawai zai riƙa bi.

Sunayen dabarun da za su zo ni na raɗa musu. Wasan nan Ba'amurke Howard Garns ya ƙirƙiro shi a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya sa masa sunan da muka sani, jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a Nuwamban 2004 ya bazu a duniya. Sunayen dabarunsa na Turanci ne, daga abubuwan da Turawa suke gani a wajensu. Mu ma muna da abubuwan da muke gani a namu wajen.

Lambar da ta nuna hanya

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita aka fi tsallakewa. Ɗauki unguwar farko, ta sama a hagu. A ce 7 tana takara a gida biyu kacal a cikinta, duka biyun kuma a layin kwance na 2. Ba ka san wanne zai ɗauka ba. Amma dole unguwar ta samu 7, kuma duk inda ta sauka a layi na 2 ne. Ke nan layi na 2 ya gama samun 7 ɗinsa tun daga unguwar farko. Goge 7 daga sauran gidaje shida na layin.

Tana aiki ta baya ma. Idan duk wuraren da 4 za ta iya zama a wani layi sun taru a unguwa ɗaya, to sauran gidajen unguwar, waɗanda ba sa kan layin, sun rasa 4.

Gona biyu, magada biyu

Mutum ya rasu ya bar gona biyu, ɗaya a tudu, ɗaya a fadama wajen Bakalori. Magadansa maza biyu ne, kowa zai ɗauki ɗaya. Ba a zauna rabo ba tukuna, ba wanda ya san wa zai samu ta fadamar. Amma in wani ya zo tambaya ko ɗayansu zai je neman gona a wani wuri cikin wannan gado, amsa a'a ce. Su biyun sun ƙare a waɗannan gonaki biyu.

Haka tagwaye suke. Gida biyu a layi ɗaya, kowanne 'yan takararsa 3 da 8 ne kawai. Ɗaya zai ɗauki 3, ɗaya zai ɗauki 8. Ko ta yaya aka raba, 3 da 8 na wannan layi sun samu masauki, sai a goge su daga sauran gidajen layin. In gidajen biyu kuma unguwarsu ɗaya, a share unguwar ma.

'Yan uku sun fi wuyar gani, domin mutane suna zaton sai kowane gida ya ɗauki lambobin uku duka. Ba haka ba ne. Duba waɗannan gidaje uku a layi guda: na farko 2 da 5, na biyu 5 da 9, na uku 2 da 9. Ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Amma ka tara su, lamba uku ce ke yawo a gida uku: 2, 5, 9. Gida uku na buƙatar lamba uku, ba su da wasu sai waɗannan, don haka sun cinye su.

Sai ɓoyayyun tagwaye, waɗanda suka fi ba 'yar ƙanwata wahala. A wata unguwa ka ƙirga ka ga 1 tana takara a gida biyu kawai, 6 ma a waɗannan gida biyun kawai. Sai dai gidajen cike suke da wasu: ɗaya yana da 1, 4, 6, 9, ɗayan yana da 1, 2, 6, 7. Cunkoson ne ke rufe ido. Tunda 1 da 6 ba su da wani wurin zuwa a unguwar, gidajen nan nasu ne. A wannan karon cikin gidajen za ka share: 4, 9, 2 da 7 duk su fita. Ta ce mini, "Kawu, ashe ba gidan zan riƙa kallo ba, lambar zan bi in ga ina da ina take da wurin kwana." Haka ne kuwa. Ka saba da duba allon ta fuska biyu, wani lokaci daga gida zuwa lamba, wani lokaci daga lamba zuwa gida.

Akwai 'yan huɗu ma, a fili da a ɓoye, kuma hujjarsu ɗaya ce. Ba sai ka nemi 'yan biyar ba: duk inda suke a layi, ragowar gidajen sun zama ɓoyayyun 'yan huɗu ko ƙasa da haka.

Kusurwa huɗu

Zuwa nan muna aiki ne a cikin layi ɗaya ko unguwa ɗaya. Yanzu za mu ɗaga kai mu dubi allon gaba ɗaya, mu riƙe lamba guda mu manta da sauran.

Ɗauki 5. A layin kwance na 2, wuri biyu kawai ya rage mata: inda ya haɗu da layin tsaye na 3, da inda ya haɗu da na 7. Gangaro layin kwance na 8, can ma wuri biyu, kuma a layukan tsaye na 3 da na 7 ɗin ne. Gidaje huɗun sun tsaya kamar kusurwoyin fili.

A gwada. In 5 ta layi na 2 ta zauna a hagu, a tsaye na 3, to ta layi na 8 ba za ta zauna a ƙarƙashinta ba, sai ta koma dama, tsaye na 7. In ta saman ta zauna a dama, ta ƙasan ta koma hagu. Hanya biyu ce, babu ta uku, kuma a kowacce layin tsaye na 3 ya samu 5 ɗinsa daga waɗannan kusurwoyi, na 7 ma haka. Duk wata 5 da ke takara a sauran gidajen waɗannan layukan tsaye biyu ta faɗi.

In ka lura, labarin gona biyu da magada biyu ne ya dawo da wata riga. Layukan kwance biyu su ne magada, layukan tsaye biyu su ne gonaki. Turawa suna kiran wannan dabara da sunan harafin X, saboda giciyen da amsoshin biyu ke yi. Abin kiyayewa shi ne sharaɗin: a layukan da ka faro da su, wuri biyu ne tak. In ɗaya yana da na uku, hujjar ta rushe. Kuma gogewar a ɗaya ɓangaren ake yin ta: ka faro da kwance, ka goge a tsaye, ka faro da tsaye, ka goge a kwance.

Wanda ya gane wannan zai iya faɗaɗa shi zuwa layi uku, abin da nake kira taru, don yana kamawa da faɗi. A layin kwance na 1, lambar tana tsaye na 2 da na 5. A na 4 tana tsaye na 5 da na 9. A na 7 tana tsaye na 2 da na 9. Layi uku, wurarensu duka a cikin layukan tsaye uku. Sun cinye su. Taru ba ya yawan fitowa, kada ka ɓata yammacinka kana nemansa kafin ka gwada sauran.

Duwatsun murhu

Wannan ita ce dabarar da na fi so, kuma a ganina ita ce ƙofar da ke raba mai wasa da gwani. Duwatsu uku ake girka tukunya a kai. A nan ma gida uku ne, kowanne da 'yan takara biyu kacal, lambobin da ke yawo a tsakaninsu kuma uku.

Dutsen tsakiya yana layin kwance na 1, tsaye na 1, 'yan takararsa 4 da 7. Dutse na biyu yana layin kwance ɗaya da shi, a tsaye na 6, yana da 4 da 9. Dutse na uku yana ƙarƙashin na tsakiya, a kwance na 5, tsaye na 1, yana da 7 da 9. Na tsakiya yana ganin su duka biyu. Su kuwa ba sa ganin juna.

In na tsakiya ya zama 4, na biyu ya rasa 4, ya zama 9. In na tsakiya ya zama 7, na uku ya rasa 7, ya zama 9. Ba mu san abin da na tsakiya zai zama ba, ba ma kuma buƙatar sani. Ɗaya daga cikin biyun nan 9 ne, tabbas. To wa ke ganin su duka biyu? Gidan da ke kwance na 5, tsaye na 6: yana layin tsaye ɗaya da dutse na biyu, yana layin kwance ɗaya da na uku. Ko ta ina 9 ta ɓullo, idonta na kansa. Goge 9 daga wannan gida.

Lamba ɗaya ƙarama muka goge bayan wannan dogon tunani, kuma mai karatu zai iya cewa wahalar ta fi ladan. A sudoku mai tauri haka abin yake tafiya. Sau da yawa wannan 9 ɗin ita ce ta toshe bakin kwalbati. Da ta fita sai gidan ya rage da lamba ɗaya, ita kuma ta buɗe na kusa da ita, cikin minti biyu allon da ya yi awa guda shiru ya kwararo har ƙarshe. Sudokun da 'yar ƙanwata ta kawo mini mai saura gida talatin da ɗaya, murhu ɗaya ne ya riƙe shi.

Yadda ake nemansa: zagaye duk gidajen da ke da 'yan takara biyu. Ɗauki ɗaya, ka ce shi ne na tsakiya, ka duba cikin waɗanda yake gani ko akwai biyu da kowanne ya raba lamba ɗaya da shi, suka kuma haɗu a kan wata lamba ta uku. Duwatsun ba sai sun yi siffar fili ba. Ɗaya zai iya zama a unguwar na tsakiya, a nan ma gidajen da ke ganin su biyun sukan fi yawa.

Tawada baƙa da ja

Wanda ya taɓa ganin alaramma na rubuta Alƙur'ani da hannu ya san baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasulla da ja, don ido ya rarrabe. Za mu ari wannan hikima. Ka samu biro baƙi da ja, ko ka yi ɗigo da ɗan giciye da fensir.

Riƙe lamba guda, a ce 6. Duk inda layi ko unguwa ta rage da wuri biyu tak na 6, waɗannan gida biyu kishiyoyi ne: in ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa, kuma dole ɗaya ya samu. A layin kwance na 1, 6 tana tsaye na 2 da na 8 kawai. Sa wa na farko baƙi, na biyu ja. Layin tsaye na 8 shi ma wuri biyu gare shi, wannan jan da wani a kwance na 6. Shi sai ya zama baƙi. Unguwar da wannan baƙin yake ciki tana da wuri biyu, shi da gidan kwance na 4, tsaye na 9; wannan ja ne. Sarƙa ta ƙullu: baƙi, ja, baƙi, ja. Ko dai duk baƙaƙen 6 ne, ko duk jajayen.

Yanzu nemi gidan da ba ya cikin sarƙar amma yana ganin baƙi yana kuma ganin ja. Ga shi a kwance na 4, tsaye na 2: sama da shi akwai baƙin farko, a layinsa na kwance akwai jan ƙarshe. Ko wace tawada ce ta yi gaskiya, shi dai ba 6 ba ne. Akwai kuma babbar sa'a: in ka ga gida biyu masu launi ɗaya suna ganin juna, wannan launin ƙarya ne daga farko har ƙarshe, ɗayan launin kuma duk ka rubuta 6 a cikinsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙulla sarƙa ta inda wurare uku ne. Nan babu kishiyantaka, domin duka biyun za su iya rasawa na ukun ya samu.

Wani zai ce, "To ai wannan 'in kaza ne, to kaza' ɗin ma canki ne." Akwai bambanci. Mai canka yana bin hanya ɗaya yana fatan ta ɓulle. Mai sarƙa yana bin hanyoyin duka biyu a ransa, ba ya rubuta komai sai abin da suka yi ittifaƙi a kai. Dogayen sarƙoƙin da gwanaye ke amfani da su, masu tsallakawa daga lamba zuwa lamba, murhu ne da tawada biyu aka jona su aka ƙara musu tsawo.

Dabarar da ke buƙatar amana

Akwai wata da nake koyarwa da sharaɗi. Gida huɗu a kusurwoyin fili, a layin kwance na 1 da na 3, tsaye na 2 da na 7, wato unguwa biyu kawai suka taɓa. Uku daga cikinsu 2 da 8 ne kaɗai 'yan takararsu. Na huɗun yana da 2, 8 da 5. In na huɗun ya zama 2 ko 8, gidaje huɗun za su iya musanya lambobinsu ba tare da wani layi ko unguwa ta ji a jikinta ba, ke nan amsa ta zama biyu. Tunda sudoku na ƙwarai amsa ɗaya gare shi, na huɗun 5 ne.

Hujja ce mai kyau da sauri, amma ta jingina ne a kan amanar wanda ya tsara wasan. A waɗancan makonni na Jangebe na taɓa tsallake lamba ɗaya wajen kwafa, yarinyar ta yi kwana biyu tana fama da allon da ke da amsa fiye da ɗaya, abin ya dame ni ƙwarai da na gano. A irin wannan allo dabarar nan ɓatar da mutum take yi. In da hannu aka kwafa maka, ko ba ka san ingancin inda wasan ya fito ba, ka bar ta sai sauran sun ƙare.

Game da jerin bin dabarun kuwa, kada ka fara da mai wuya. Bayan kowace gogewa, ko ta lamba ɗaya ce, koma farko ka duba ko wani gida ya rage da ɗan takara ɗaya, ko wasu tagwaye sun bayyana. In kuma ka yi rabin awa ba ka ga komai ba, ajiye takardar ka je ka yi salla ka dawo. Na sha ganin murhun da na nema na rasa yana zaune a fili bayan la'asar.

Daga Katsina zuwa Alƙahira

Ranar da 'yar ƙanwata ta gama wancan allo mai saura gida talatin da ɗaya, kakarta ta leƙo ta ga gidaje da lambobi, ta ce, "Wannan kuma hatimi ne kuke rubutawa?" Tambayar tsohuwar tana da tushe. Jera lambobi a gidaje bisa ƙa'ida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu sun daɗe da sanin hatimi mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, inda kowane layi, kwance ko tsaye ko a karkace, yake ba da 15. Abin da ake yi da hatimi a wajen neman asiri magana ce ta malamai, ba ita ce tamu a nan ba. Lissafin da ke cikinsa muke so.

A wannan lissafi muna da gwani na duniya. Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina da littattafan Larabci ke kira al-Kashinawi, ya tafi aikin Hajji ya zauna a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaq, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi masu layuka mara, wato uku, biyar, bakwai da sauransu. Shekara 247 ke nan kafin Howard Garns ya buga wasansa.

Bambancin hatimi da sudokun da muka yi ta warwarewa shi ne tarawa. A duk dabarun wannan babin ba mu tara ko lamba biyu ba. Da za a cire lambobin a sa haruffa tara, ko hatsi iri tara, babu dabarar da za ta canza. Amma akwai wani nau'in sudoku da ake zagaye gidaje biyu ko uku ko huɗu da ɗigo-ɗigo, a rubuta jimlarsu a kusurwa, wani lokaci ba a ba ka ko lamba ɗaya a allon ba. A can ne hanyar Bakatsinen da ta Japan suke haɗuwa. Babi na bakwai zai fara da gina hatimi mai gida 25 wanda kowane layinsa ke ba da 65, sannan mu ɗauki makamin da za mu shiga sabon wasan da shi: lamba 45, jimlar 1 zuwa 9, wadda kowane layi da kowace unguwa ke ɗauke da ita. Kafin nan, ka tara 1 zuwa 25 da kanka, ka raba gida biyar, ka ga abin da zai fito.